Ranar da Kawu Ya Zama Babban Mashawarci

Takardar da ta karya kawuna ni na buga ta a tafireta, ni kuma na karanta masa ita da Hausa a gaban mutane. Gara in faɗi wannan tun da fari, don na lura duk sanda na ɗauko labarin ta wani gefe sai in tarar na wanke kaina tas kafin in kai ƙarshe.

Zamanin kuɗin mai ne. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, babura da rediyoyi suka cika gari, wanda bara yake tafiya a ƙasa bana shi ke danna wa mai jaki oda. Ni a lokacin malamin firamare ne a Ƙanƙara, da mata da 'ya ɗaya da keke mai kukan sarƙa, ina kallon sa'o'ina suna wuce ni. Sai Kawu ya aiko in ajiye alli in same shi a Sheme, kamfanin da yake yi wa aiki yana neman akawu mai jin Turanci. Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni boko lokacin da kowa yake cewa kada a kai, shi ya yi mini aure. Ban tsaya shawara da kowa ba, na tattara na tafi.

Kamfanin na 'yan kasuwa ne, hedikwatarsa a Kaduna. Yana sayar da takin zamani da irin auduga, yana kuma ba da hayar taraktoci, waɗanda mutanenmu ke kira tantan, ga manoma tun daga ƙasar Ƙanƙara da Faskari har Sabuwa. Yadinsa yana bakin titi a Sheme, an zagaye shi da waya, ƙofa ɗaya. Kawu shi ne heluma, wato shugaban leburori da direbobi, tun kamfanin yana da tarakta ɗaya tal. Mabuɗan yadi da na sito da na injuna duka suna rataye a wuyansa da igiyar fata, a ƙarƙashin taguwa, in yana tafe kana jin su. Idan ruwa ya sauka, shi ke cewa wannan tarakta ta nufi gari kaza, waccan gari kaza. Bai yi boko ba, bai kuma taɓa jin yana buƙatarsa ba. Ya san gonar da take jigawa, wadda in ba a shiga da wuri ba za ta bushe, ya san ta laka da za ta iya jira, ya san gidan da maigida ya rasu aka bar mata da yara. Ba waliyyi ba ne. Yana da faɗa, yana zagin direba har kakansa, kuma yana son girma kamar yadda akuya take son dusa. In ka iya gaishe shi ka gama da rabin buƙatarka. Amma in ya ce maka Talata, to ranar Talata za ka ji ƙugin inji a bakin gonarka, kuma da wannan aka san shi.

Mu a nan suna yana tafe da aikinsa. Idan aka ce Sarkin Fawa, ka san ba a kayar da sa a mahauta sai da saninsa. Idan aka ce Sarkin Aska, ka san wa za a nema ranar suna. Ko mai unguwar da ba shi da akuya, in ya ce a tsaya a nan a kan iyakar gona, tsayawa ake yi. Ba mu taɓa ganin an ba mutum suna an riƙe aikin ba. Heluma ba kalma ce mai daɗin ji ba, Kawu ma bai cika son ta ba, yakan ce sunan mai kiwon leburori ne. Sai dai in ya tsaya a bakin ƙofar yadi ya ɗaga hannu, buɗewa take yi.

Ina da wata takwas a wurin aka kawo sabon manaja, ɗan birni, mai sakin fuska, wanda ba ya ɗaga murya. Bayan an gama kaka ya dawo daga Kaduna da fayil, ya ce kamfani ya girma, an sake wa kowa suna. Ni aka ba in buga. Maigadi ya zama Jami'in Tsaro. Masinja ya zama Mataimakin Ofis. Tsohon da ke share yadi ya zama Mai Kula da Tsabtar Harabar Kamfani, ya yi dariya ya ce to a sake masa tsintsiya. Waɗannan ba su cuci kowa ba, kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

A wurin bugawa na koyi yadda ake karanta irin waɗannan takardu. Kowace tana da shafi biyu. Na farko suna ne da taya murna, na biyu kuma abin da mai sunan zai riƙe da abin da zai sa wa hannu. Sai na lura in suna ya yi tsawo, shafi na biyu yakan gajarce. Akwai wasu kalmomi da kamfani yake ajiyewa don wannan aiki kaɗai: babba, na musamman, na yanki, mai ba da shawara. Ba a ɓarnatar da su a kan wanda ake so ya yi aiki. Shi wannan guntun suna ake ba shi, wanda ba zai sa kowa ya waiwayo ba. Sunan da ke takardar Kawu ya cika layi, shafinta na biyu kuwa layi biyu ne: zai riƙa ba manaja shawara idan an nema, zai kuma halarci taron manoma a madadin kamfani. Tawa takardar ta ce ni Akawun Fita ne. Shafina na biyu ya cika har ƙasa. Mabuɗai da littafin takardun fita da hatimi duk sun dawo hannuna, ba injin da zai bar yadi sai da takardata, ni kuma ba zan ba da takarda ba sai bisa jerin sunayen da Kaduna za ta aiko.

Manaja bai ɓoye mini komai ba, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce Kaduna ba za ta iya aiki da mutumin da ya riƙe komai a ka ba. Akwai manyan da suka sayi daji suka buɗe gonaki, su kamfani yake hari yanzu, kuma tsohon ba zai yarda ya sa su a gaba ba. Korarsa ba ta yiwuwa, don saboda shi manoma suke zuwa sayen taki. Shi ya sa aka ɗaga shi sama. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, kai ka san kawunka. Ka sa masa Hausar da zai ji daɗi."

Na kuwa sa. Kwana biyu ina juya kalmomi kamar mai zaɓen goro. Na ƙi "mai ba da shawara", don na ga ya yi kama da ɗan zaman majalisa wanda ake saurara bayan an gama yanke magana. Na ɗauko "mashawarci", na sa "babba" a gaba, na ja "manoma" da "yanki" a baya. Babban Mashawarcin Manoma na Yanki. Na faɗa a bakina na ji ya zauna. Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne daɗin da na ji, irin na malamin makaranta da ya iya aikinsa.

Ranar Litinin aka tara ma'aikata a rumfar kwano da ke cikin yadi. Na karanta na kowa. Da na zo kan ta Kawu na gyara murya, na karanta shafin farko, na ninke takardar. Ba wanda ya ce kada in karanta na biyu. Ni na ninke.

Kawu ya ce in maimaita. Na maimaita, na ga leɓensa yana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Direbobi suka yi ta Allah ya sanya alheri. Ni kuma ina tsaye ina tunanin yadda za a raba wuyan mutumin nan da mabuɗai ba tare da an yi abin kunya ba. Ashe ba sai an sha wahala ba. Manaja yana cewa ɗawainiyar mabuɗi ta koma wurin akawu don a hutar da Baba, sai Kawu ya sa hannu a wuya ya zaro igiyar da kansa.

"Ai dama babba ba shi yawo da mabuɗi," in ji shi. "Riƙe, ɗana. Hannunka ai hannuna ne."

Igiyar tana da ɗumi, ta yi baƙi da gumin shekaru. Manaja ya sunkuyar da kai yana duba agogonsa.

Wannan ne kuskuren Kawu, kuma ba wauta ba ce. Haka ya tashi ya ga ana yi. Hakimi ba ya riƙe mabuɗin rumbunsa, wani na gida ke riƙewa, amma ba wanda ya taɓa tambayar rumbun na wa ne. Ya ɗauka abin da ake yi wa manya aka yi masa: a ɗauke maka nauyi a bar maka magana. Ga shi kuma ba bare aka ba mabuɗan ba, ɗan 'yar'uwarsa ne da ya raina da hannunsa. Ta ina zai yi zargi?

Kafin la'asar labari ya kai garinmu, Ruwan Godiya, inda iyalin Kawu suke. A hanya ya ƙara ƙiba. Mutane ba su da lokacin kalmomi biyar, suka ce an naɗa Heluma sarkin manoman kamfani, daga Ƙanƙara har Sabuwa duk a ƙarƙashinsa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka yi walima. An yanka rago biyu, masu kalangu suka zo ba a gayyace su ba, mahaifiyata ta yi ta kukan daɗi. Ni ina ta kai-kawo da farantan shinkafa, ana ta ce mini in yi koyi da kawuna.

A al'adarmu wanda aka ba girma ba ya sallamar masu murna hannu rabbana. Maroƙa sun samu, mata sun sami goro da turare. Dattawa kuwa ba goro ya kawo su ba. Da rana ta yi sanyi suka matso tabarmar Kawu, wani abokinsa tun na ƙuruciya, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tasa, ya yi magana a madadinsu. Shekarar nan shanu sun yi tsadar da ba a taɓa gani ba, fatake daga Kudu suna cika manyan motoci a kasuwar Sheme. Ciyar da shanun huɗa tsawon rani kuwa wahala ce, ga harawa ga dusa ga ɗaukar ruwa, samari kuma duk sun gudu birni aikin gini. Kowa ya ga sababbin taraktoci shida da aka jera a yadi kusa da tsofaffin uku, ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Tambayar ita ce su sayar ko su riƙe.

"Mu dai bakinka muke jira," in ji dattijon. "In ka ce tantan za ta shigo mamu da ruwan hwari, gobe sai kasuwa."

Kawu ya dubi jama'a. Kalangu yana tashi a waje, ana kiran sabon sunansa. Na san fuskar nan, na san ba zai iya cewa bari in tambayo ba. Wa zai tambaya, shi da aka ce shi ne babba?

"Ku saida," ya ce. "Da can ma da nike heluma ban bar ku ba, balle yanzu. Da garin ga za a hwara. In ba ta zo ba ku kama ni."

Ina tsaye da faranti a hannu, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Da na sunkuya na ce Kawu zo mu ɗan keɓe, da shi ke nan. Na ce wa kaina ba a kunyata babba ranar murnarsa. Gaskiya ne, ba a yi. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashin wannan: an yi mini alkawarin babur, kuma karon farko a rayuwata manyan mutane masu gemu suna gyara tsayuwa in na shigo yadi. Na ajiye farantin na koma ɗauko wani.

Cikin mako uku gidaje goma sha ɗaya suka kai shanunsu kasuwa. Wasu suka yi rufin kwano, wasu suka yi hidimar aure, ɗaya ya biya kujerar Makka. Kawu bai sayar da nasa ba. Ba don ya san wani abu ba. Bijimai biyu ne da ya hora da kansa tun suna maruƙa, yakan tsaya yana yi musu magana kamar mutane, ya ce ko ba huɗa zai riƙe su don sha'awa. A lokacin ba wanda ya ga aibin haka.

Ranin ya yi mini tsawo. An ba Kawu ofis, da tebur da fanka da kujera mai juyawa, aka kafa allon sunansa a ƙofa da Turanci. Ba ya iya karanta boko, amma kullum sai ya sa an goge. Da yake ba a huɗa da rani, ba abin da ya taso da zai gwada sunan. Manoma suna zuwa, ya sa a sayo musu lemo, ya rubuta sunayensu da ajami a littafin 'yan makaranta, ya ce an gama. In an kusa tashi ya miƙo mini littafin in shigar. In karɓa da hannu biyu in sa a aljihun tebur. Sau ɗaya na kai wa manaja, na gaya masa zancen shanu. Ya ce abin bai yi daɗi ba, amma kamfani bai ce wa kowa ya sayar da komai ba.

Matata ta sani, don na gaya mata. Ta ce in je in faɗa masa tun kuɗin shanun ba su gama narkewa ba, ko wasu sa iya mayarwa. Na je har sau biyu. Na farko na tarar da baƙi, na ji daɗin tarar da su. Na biyu na same shi shi kaɗai a zaure yana tufkar igiya. Na zauna, na ja gaisuwa, na ce Kawu, harkar kamfani fa sai a hankali. Ya yi dariya ya ce 'yan boko tsoro ya yi musu yawa, ya sa aka damo mini fura. Na sha na tashi. Na riƙa ce wa kaina wataƙila jerin Kaduna ya zo da sunan garinmu a ciki, ko da a can ƙasa ne.

Jerin ya zo kwana huɗu kafin ruwa. Gonaki huɗu ne kacal a kai, uku a dajin Damari ta wajen Sabuwa, ɗaya a ƙasar Ƙanƙara, kowace sai da mota ake zagaye ta. Masu su ban taɓa ganinsu ba. An raba musu taraktocin tara duka na tsawon mako uku. A ƙasa aka rubuta cewa ƙananan manoma sa biyo baya gwargwadon hali.

Aka yi ruwa ranar Laraba, mai yawa, ƙasa ta sha. Alhamis da hantsi Kawu ya shigo yadi cikin babbar riga, dattawa bakwai suna biye da shi, sun zo su raka tarakta gida. Direbobi sun riga sun tayar da injuna, kowa da takardarsa da na buga wa hatimi tun da safe. Kawu ya nuna biyu daga cikin sababbin, ya ce su yi Ruwan Godiya. Direban farko, wanda Kawu ya ɗauko yana karen mota ya koya masa tuƙi, ya leƙo daga kan kujerarsa. Ya juyo ya dube ni. Na biyun ma ya dube ni. Maigadi ya riƙe sarƙar ƙofa yana kallon ƙasa.

Kawu bai gane ba tukuna. Ya ɗauka wata sabuwar ƙa'ida ce ta ofis. Ya waiwayo da fara'arsa.

"Ɗana, ba su 'yar takardar su wuce, rana na yi."

"Kawu, ba sunan Ruwan Godiya a jerin."

"To ka sa."

"Ba ni da iko."

"Ni na ce ka sa."

Ƙarya na yi da na ce ba ni da iko. Hatimi yana aljihuna, littafin yana hammatata. Da na buga takarda biyu da taraktocin sun fita, kuma kafin Kaduna ta ji an huɗe rabin garin. Abin da zai biyo baya kora ce, in koma ga alli da keke, in ma an karɓe ni. Na auna a tsaye a wurin, ban ɗauki wani lokaci ba, na ce masa sai dai ya ga manaja.

Manaja ya fito da kansa, ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya har da rusunawa. Ya ce wa Kawu cikin ladabi ai Baba ya wuce wannan ɗawainiyar, aikinsa yanzu shawara ne.

"To ga shawarata," in ji Kawu. "A kai ma mutanen ga tantan yau. Bisa bakina sunka saida shanunsu."

"Mun ji, Baba. Za a duba."

Ya ɗaga wa maigadi hannu. Ƙofa ta buɗe, taraktoci tara suka fita ɗaya bayan ɗaya ta gaban dattawan. Dole muka tsaya har suka gama wucewa, don ba a jin magana saboda ƙara. Can ƙarar ta yi nisa. Abokin Kawu ya kakkaɓe rigarsa ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, suka juya bakin titi neman mota. Kawu ya daɗe tsaye a tsakiyar yadi cikin babbar rigarsa. Daga baya ya bi su, bai shiga ofishinsa ba.

Damina ba ta jiran kowa. Mutane suka fita da sungumi suka shuka a ƙasar da ba a huɗe ba. Waɗanda suka yi shekaru ba su taɓa garmar hannu ba suka koma mata, tsofaffi masu ciwon baya da 'yan samarin da suka rage. Masu shanun da ba su sayar ba kowa yana fama da tasa gonar, in ma sun zo sai a makare. Kawu ya ɗora wa bijimansa karkiya, ya tuɓe riga, ya shiga gonakin gidaje goma sha ɗayan nan da kansa, yana da shekara sittin da 'yan kai. Bijimai biyu ba za su yi aikin ashirin da biyu ba. Yana fita da sassafe, ya dawo da azahar shanu suna kumfa, ya koma da la'asar. Tasa gonar ya bari ta ƙarshe, ciyawa ta cinye ta. Taraktar kamfani ta isa garin bayan kwana ashirin da shida, ni na buga mata takarda. Lokacin shuka ta riga ta tashi, ba inda za ta shiga, direban ya sha ruwa ya juyo.

Shekarar ba a mutu da yunwa ba, kada in ƙara gishiri. Auduga ce ta tafi gaba ɗaya, hatsi kuma ya ƙare wa gidaje da yawa tun kafin bazara. Abin da ya mutu maganar Kawu ce. Ba wanda ya zage shi, mutanenmu ba sa yi wa dattijo haka. Sai dai aka fara cewa a bayan ido, ya ce mu sayar shi ya riƙe nasa, ashe ya san abin da ya taka. Duk huɗar da ya yi musu aka ce kunya ce ta kama shi. In ya iso majalisa ana matsa masa wuri, a ce sannu da zuwa Babban Mashawarcin Manoma na Yanki, a cika sunan har ƙarshe, sannan a ci gaba da hira ba da shi ba. Mutumin da a da ba a sa ranar aure a unguwar sai an ji ta bakinsa ya koma ko farashin taki ya faɗa sai an tambayi wani.

Ban je gida ba duk daminar. Na ce aiki ya yi yawa. Babur ɗin ya fito, ja, na riƙa ajiye shi a bayan sito.

Bayan girbi ya zo yadi, karonsa na farko tun ranar. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai je wurin manaja ba, teburina ya nufo. Na miƙe na ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya ce in rubuta masa takardar barin aiki, gajera, kada in yi mata ado. Na sa takarda a tafireta na buga. Da na gama ya dangwala yatsa. Sannan ya ciro waccan takardar daga aljihu, ta yi laushi saboda ninki, ya buɗe shafi na biyu ya ajiye a gabana. Ya ce ya kai wa wani malamin asibiti a Faskari ya karanta masa.

"Abu guda nike son ji," ya ce. "Ran da ka karanta mani wagga takarda, ka san abin da ke bayanta?"

Na so in ce ban gama fahimta ba a lokacin. Na so in ce manaja ne.

"Na sani, Kawu."

"Ran walima hwa, da nike ma mutane alkawali?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin da ya riga ya zata. Ya ninke takardarsa ya mayar aljihu ya fita. Da marina ya yi da na sami sauƙi.

Na daɗe ina zagin kamfanin, har yau ma ina zaginsa, kuma ya cancanta. Mutanen da suka zauna a Kaduna suka ga cewa hanya mafi sauƙi ta tuɓe dattijo ita ce a yi masa romon baka, ban yafe musu ba. Amma su Turanci suka rubuta, kuma Turancinsu ba zai iya yi wa Kawu komai ba. Sai da aka sami wanda ya san kunnensa, ya san kalmar da za ta shige shi.

Da Babbar Sallah ta zo mahaifiyata ta aiko cewa in ban zo ba kada in sake kiranta uwa. Na tafi da buhun shinkafa da turmin shadda, na bar babur a gidan wani abokina na ƙarasa a ƙasa. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, ina kuma shirya jin duk abin da zai faɗa. Na tarar da shi a zaure a kan buzunsa, da baƙi uku. Na cire takalmi tun daga waje, na yi sallama, na tafi durƙusawa.

Kafin gwiwata ta kai ƙasa ya miƙe. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ya kai ni gidan wanzami ya tashi tsaye saboda ni, ya jawo buzun ya shimfiɗa mini, shi ya koma kan tabarma cikin baƙi.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai," ya ce. "An zo lahiya? Ya aiki?"

Ba gatse a muryarsa. Na nema, na so in samu, babu. Na ce Kawu, don Allah. Ya leƙa cikin gida ya ce a kawo ma Yallaɓai ruwa.

Ya yi shekara tara bayan wannan. Ina zuwa duk Sallah, ina zuwa in ba shi da lafiya, ni na kai shi asibiti a ciwonsa na ƙarshe. Bai taɓa ƙin amsa gaisuwata ba, bai taɓa mayar da abin da na kawo ba, kuma ko a gadon asibiti, in na shigo sai ya yunƙura zai tashi.